Yadda ake haɗa bututun samp na tankin kifin ruwan gishiri a garin da ake ɗauke wuta

Ƙarfe biyu da wani abu na dare uwargida ta tashe ni, wai Baban yara tashi ka ga aikinka. Na haska fitilar waya na leƙa falo, kafet ya sha ruwa ya ƙoshi, ruwan gishiri har ƙarƙashin kujeru, tankin ƙasa, wato samp, ya cika ya tumbatsa yana ta zuba shiru ba ko ƙara. Ba gilashi ne ya fashe ba, ba gam ne ya saki ba. Wuta kawai aka ɗauke, inbata ta ɗan riƙe ta mutu, ruwan tankin sama ya biyo bututu ya dawo ƙasa. Kwana uku kafet ɗin nan yana shanye a kan katanga, da ya bushe kuma gishiri ya fito masa fari fat kamar an barbaɗa gari.

Toh daga ranar na gane cewa duk zanen da Turawa suke yi na wannan harka suna yinsa ne da tunanin wuta bata tafiya, ko kuma sau ɗaya a shekara. Mu a Zariya ranar da aka ɗauke sau huɗu sau biyar ba labari bane. Don haka in zaka zana bututunka, ka fara zana shi a kashe, wato ka tambayi kanka ina ruwan nan zai je in injin tura ruwa ya tsaya, sannan in wuta ta dawo kana kasuwa ko kana masallaci zai tashi da kansa ko sai an taɓa shi. Sauran duk ƙawa ne.

Ga wanda bai san samp ba, wani tanki ne na biyu da ake ajiyewa a cikin kabad ƙarƙashin babban tankin da ake kallo. Ruwan tankin sama yana malala ta wani ɗan akwati mai haƙora kamar matajin kai, ya gangaro ta bututu da nauyin kansa, ya ratsa ɗakunan da aka yanka a tankin ƙasa, sai wani ƙaramin injin ruwa irin ɗan sumo ya sake tura shi sama. Amfaninsa ruwa ya ƙaru, tarkacen na'urori su ɓuya daga ido, kuma layin ruwan tankin sama baya sauka ko da iska ta shanye ruwa. A cikin ɗakunan nan ne ake ware guda da ake kira rifujiyam, ni dai ɗakin ciyawa nake ce masa, inda ciyawar teku da ƙananan ƙwarin ruwa suke rayuwa ba kifin da zai cinye su.

Bari in fara da lissafin da ban yi ba wancan karon. Nawa tankin tsawonsa santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, lita 300 kenan. In ka ninka tsawo da faɗi ka raba da 1000 zaka samu litar da ke cikin kowane santimita ɗaya na zurfi, a nawa lita 6 ne. Idan inji ya tsaya bututun da yake kai ruwa sama sai ya juye ya koma zuƙowa, daidai yadda 'yan bumburutu suke zuƙo fetur da tiyo, kuma bazai daina ba sai bakinsa ya shaƙi iska. Ni da wayona na nutsa bakin nan santimita 12 cikin ruwa don kar a ganshi yana fantsama. 12 sau 6, lita 72, kusan jarka uku ta 'yan ga-ruwa. Tankin ƙasa kuwa wurin da na bari bai wuce na lita 40 ba. Kaga inda sauran ya tafi.

Yanzu bakin yana santimita 3 ne kacal ƙarƙashin ruwa, lita 18 ke dawowa. Ka ƙara abinda ke cikin bututu da akwatin malala da wanda sikima, na'urar kwashe datti, zata saki in ta tsaya, kace lita 25 gaba ɗaya. Samp ɗina 90 ne da 40 da 40, kowane santimita lita 3.6, wato lita 25 zata ɗaga shi wajen santimita 7. Ina gudanar da shi a zurfin 22, saura 18 a sama babu komai. Wani zai ce asarar wuri ce, ni kuma nace barci nake saya da ita.

Za a ce maka ka sa bawul ɗin nan mai hana ruwa komawa baya. Kar ka jingina da shi. A ruwan gishiri ƙananan halittu masu ɓawo suna tsirowa a cikin bututu, ɗan ƙaramin dodon koɗi ɗaya ya maƙale a bakin murfin shikenan ya daina rufewa, kuma bazaka sani ba sai daren da ka buƙace shi. Haka ɗan ramin da ake hudawa a jikin bututu ƙasa kaɗan da layin ruwa don ya shaƙi iska ya katse zuƙo, yana aiki, amma gansakuka da gishiri suna toshe shi. In zaka yi ka huda biyu, ka riƙa zura tsinken sakace duk sati. Amma lissafinka ka yi shi kamar ramin baya nan.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da mutane basa tunawa: in bututun saukowa ne ya toshe fa, inji yana ta turawa sama? Maganinsa ɗakin da injin yake ciki ya zama ƙarami. Nawa 20 ne da 40, zurfin ruwa 20, lita 16. Saman babban tanki na bar santimita 3 tsakanin ruwa da baki, lita 18. Ko komai ya toshe, injin zai kwashe ɗakinsa ya fara shan iska kafin ruwa ya haye gilashi. Gara inji ya ƙone da falo ya sake yin wanka.

Sai maganar huda gilashi. Akwai akwatin malala da ake ratayawa a bayan tanki ba tare da huda ba, mai lanƙwasasshen bututu da ke ɗauko ruwa ta saman gilashi. Don Allah a garin nan kar ka saya. Rayuwarsa gaba ɗaya akan zuƙo take, kumfa ta taru a gwiwar bututun zuƙon ya yanke, wuta ta dawo inji ya tashi ruwa bashi da hanyar sauka. Huda ita ce kwanciyar hankali. Amma kafin ka kusanci gilashin ka tabbatar ba irin gasasshen nan bane da ake kira tamfad, shi ba'a huda shi, kana taɓawa zai tarwatse kamar gilashin gefen mota. Yadda ake ganewa, ka kunna farin allo a waya ko laftof ka sa a bayan gilashin, ka kalla da tabarau irin na folarayiz kana juya kai, in gasasshe ne zaka ga wasu layuka da tabo-tabo masu duhu. Tankunan kamfani da yawa gindinsu gasasshe ne ko da gefen ba haka bane, shi yasa na fi son huda ta baya.

Ana hudawa da zagayayyen bakin diril mai garin daimon, ruwa yana zuba akai, a hankali, ba dannawa, nauyin diril ɗin ya isa. Ka manna tef ta ɗaya gefen don kar guntun ya faɗo ya tsaga maka wani wuri. Tsakanin rami da gefen gilashi ka bar aƙalla faɗin ramin kansa, haka tsakanin rami da rami. Kuma kar ka sayi bakin diril sai mahaɗin yana hannunka. Mahaɗin nan shi ne irin wanda ake ɗaura wa tankin ruwa na roba, masu kayan famfo suna ce masa baknot. Na inci ɗaya yawanci ramin milimita 45 yake so amma kamfani kamfani ne, ka auna naka. Na roba zalla zaka saya. Washarsa tana zama ne ta gefen da ke da faffaɗan kai, ba ta gefen noti ba, ka ɗaure da hannu ka ƙara ɗan kwata da sifana ka tsaya. Kar ka shafa silikon, kar ka bari a ɗaure shi kamar tayar tirela, gilashi ne.

Yanzu bututun saukowa, anan ne ake ta musu. Tsari uku ne aka fi sani. Na farko Durso, sunan wanda ya ƙirƙiro shi ne Richard Durso, bututu ɗaya ne mai lanƙwasa da ɗan ramin iska a ka, ruwa da iska suna sauka tare. Yana da sauƙi amma yana ɗan kurkurar baki, kuma bututu ɗaya ne, in ya toshe babu na biyu. Na biyu Herbie, bututu biyu. Na uku BeanAnimal, bututu uku. Ni Herbie nake amfani da shi, in da wurin rami uku ne da na yi na ukun, amma biyun ma sun isa in an yi su daidai.

Ga yadda Herbie yake. Bututu na farko gajere ne, bakinsa a nutse cikin akwatin malala, yana zuƙo ruwa zalla ba iska, shi yasa baya ƙara ko kaɗan. A jikinsa can ƙasa kusa da samp akwai bawul, da shi kake rage saukar har ta yi daidai da abinda inji yake turowa. Na biyu dogo ne, bakinsa a buɗe a sama, babu bawul babu komai a jikinsa, shi na ko-ta-kwana ne. Tsakanin bakin gajeren da na dogon ka bar kamar santimita 12 zuwa 15 don kar gajeren ya riƙa jawo iska ta sama yana yin guguwa. Kana rufe bawul kaɗan kaɗan, kana jira minti biyu uku tsakanin kowace taɓawa, har ruwan akwatin ya hau ya tsaya dab da leɓen dogon. In ka samu wurin nan zaka ji falon yayi tsit har ka ɗauka inji ya mutu.

Abu biyu ne suke sa ya tashi da kansa bayan an dawo da wuta, kuma su ne suka fi komai a wurinmu. Ƙarshen bututun zuƙon a cikin samp kar ya nutse fiye da santimita 2 zuwa 3, in ya yi zurfi iskar da ta shiga lokacin da aka ɗauke wuta bata iya fita, zaka ji yana ta ɓulɓul yana tari minti goma bai kama ba. Na biyu kar ka kwantar da bututu a miƙe, ko'ina ya zama gangare, in zaka karkata ka yi da elbo, wato gwiwar bututu, mai digiri 45 guda biyu maimakon mai 90. Shi kuma na ko-ta-kwana ka bar ƙarshensa sama da ruwa da gangan, don duk ranar da ya fara aiki ka ji shaaa daga ɗaki ka san wani abu ya toshe ɗan'uwansa. Girmansa kar ya gaza na farkon. Inci ɗaya ɗaya sun ishi tanki irin nawa har da ragi. Ka sa wa gajeren raga a baki saboda dodon koɗi, su kam duk inda rami yake nan suke so.

Matsalar da zaka ci karo da ita a kasuwa ita ce bawul. Wanda ya fi dacewa shi ne mai murɗawa kamar kan famfo, wanda yake rufewa a hankali, to amma in ka shiga Sabon Gari ka tambaya na tagulla za'a miƙo maka. Kar ka karɓa ko kyauta ne. Tagulla akwai jan ƙarfe a cikinta, jan ƙarfe kuma guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi, ɗan kaɗan ya isa ya kashe su. Babu tagulla babu jan ƙarfe babu ƙarfen galbanaiz a duk inda ruwan nan zai taɓa. In baka samu mai murɗawa na roba ba sai ka yi oda ko ka haƙura da na roba mai jan hannu ɗin nan, yana yi, sai dai taurin kai gare shi, ka ɗan taɓa ya wuce, ka dawo da shi ya sake wucewa. Nayi wata biyu da shi kafin na samu na kirki.

Mai gyaran famfon da ya taya ni dattijo ne, ya fi shekara talatin a sana'ar, yana ganin zanen yace Alhaji wannan duk ɓata kuɗi ne, bututu ɗaya ya isa, ga yuniyon (mahaɗin da ake kwancewa ba sai an yanka bututu ba) har biyar kamar gidan mai. Nace Baba ayi haƙuri a bi ni a haka. Da ya zo haɗa biyu sai naga ya kunna takarda zai gasa bakin bututun ya zura ɗaya cikin ɗaya yadda suka saba, nace a'a Baba ga soket na haɗa bututu nan na sayo. A bangon banɗaki wannan dabarar tana wucewa, a cikin kabad ɗin falo ɗigo ɗaya a minti ya isa ya kumbura katako. Ka sayi bututun PVC mai kauri na furesha, ba siririn nan na ruwan wanke-wanke ba, kuma ka sayi bututu da kayan haɗinsa a shago ɗaya ka gwada su a gaban mai shagon, don akwai na inci akwai na milimita, 32 da inci ɗaya suna kama a ido amma basa shiga juna yadda ya kamata. Ka haɗa komai a bushe tukuna, ka ja layi da alƙalamin maka a kowace mahaɗa, sannan ka bi da gam. Ka bar shi kwana ɗaya kafin ruwa. Bututun da suke tsaye cikin akwatin malala kuwa kar ka sa musu gam, cusawa kawai, zaka so ka ciro su ka wanke ko ka rage tsawo. Yuniyon kuma a sa ƙarƙashin kowane baknot, da kafin bawul, da saman inji. Ranar da inji ya buƙaci wanki zaka gode wa kanka, shi Baban ma da ya dawo bayan wata shida ya ga na kwance komai cikin minti biyar dariya kawai yayi.

Injin turawa ba sai ƙato ba. Abinda ake so ruwan tanki ya ratsa samp sau 3 zuwa 5 a awa, a lita 300 kenan 900 zuwa 1500. Motsin ruwa na cikin tanki aikin ƙananan fankokin ruwa ne da ake mannawa a gilashi, ba aikin wannan ba. Lambar da aka rubuta a kwali kuma ta ƙasa ce, ba hawa, da zarar ya ɗaga ruwa mita ɗaya da wani abu ya bi elbo biyu uku zai iya rasa kusan rabi, ka duba zanen da ke bayan kwalin. Ka nemi na DC mai bolt 24 wanda ake ƙara masa gudu a rage, baya cin wuta, yana tashi a hankali, inbata da sola basa jin nauyinsa. In zaka rage ƙarfi da bawul ta wajen fita ake yi, ba'a shaƙe inji ta wajen shiga. Tsakaninsa da bututu mai tauri ka sa ɗan guntun tiyo mai laushi, yana kashe gurnanin da ke bin katako, ka ɗaure da abin ɗauri na roba, kilif na ƙarfe sati biyu zai yi tsatsa.

Cikin samp ɗin kansa ɗaki uku na yanka. Na farko santimita 30, nan ruwa ke sauka, nan sikima take. Sikima ita ce na'urar da take kaɗa kumfa ta kwashe dattin da ya narke a ruwa ta tara shi a kofi, baƙi mai wari. Tana son zurfin ruwa wanda baya canzawa, yawanci tsakanin 15 da 20, takardarta zata faɗa maka, in ɗakin ya fi haka zurfi ka ɗora ta a kan ɗan dandamali na roba. Tsayin gilashin da ya raba ɗakin shi ke riƙe wannan zurfin. Na biyu ɗakin ciyawa. Sai tarkon kumfa, gilashi uku a jere da tazarar santimita 2.5, ruwa ya haye na farko, ya bi ƙarƙashin na tsakiya wanda aka ɗaga, ya haye na uku, kumfa bata son nutsewa sai ta tsaya a baya. Sai ɗakin inji. In tankin gilashi ne rabe-raben ma su zama gilashi, silikon baya kama roba da kyau. Kuma ka karanta jikin silikon ɗin, wanda aka rubuta na banɗaki da kicin mai maganin fumfuna ba naka bane. Ka bar shi kwana biyu ko uku har warin tsamin ya tafi.

Wani abu da ni ya shafe ni sosai: wuta na dawowa ruwan samp yana sama, sikima in ta tashi a lokacin haukacewa take ta cika kofi ta amayar da dattin cikin ruwa. Sai na jona ta a jikin abin nan da ake sa wa firij mai jinkirta wuta 'yan mintuna. Kafin ta tashi inji ya riga ya mayar da ruwa sama. Ƙaramin abu ne amma a gidan da wuta take wasan ɓuya ya raba ni da goge-goge.

Ɗakin ciyawa. Ciyawar da ake so sunanta Chaetomorpha, 'yan harka suna cewa keto, kamar soson ƙarfe take amma kore, bata da saiwa bata kama dutse. Tana shan naitiret da fosfet, sinadaran da kashin kifi da ragowar abinci suke bari a ruwa, tana girma, kai kuma ka yago rabi ka zubar, dattin ya fita kenan. Akwai wata Caulerpa mai saurin girma, ni bana ba da shawararta, wani lokaci takan yi fari ta narke dare ɗaya ta mayar da duk abinda ta sha cikin ruwa. Keto sai dai ka samu wajen masu wannan sha'awar a Legas ko Abuja a sako maka a mota cikin leda da ɗan ruwa, in ta iso ka duba ta da kyau kafin ka jefa, tana zuwa da baƙin da ba'a gayyata ba. A cikinta ne ƙananan ƙwarin nan kofifod suke hayayyafa, suna bin ruwa ta cikin inji su hau sama kifi ya samu abinci mai rai, shi yasa ake son ɗakin ciyawa ya zama dab da ɗakin inji, bayan sikima, ba kafinta ba.

Wasu suna sa ɗakin inji a tsakiya, sikima a hagu, ciyawa a dama, su ciro reshe da ti, wato mahaɗi mai baki uku, da ɗan bawul su ba ciyawar ruwa a hankali. Yana da kyau in samp ɗinka dogo ne. In zaka yi haka ka ciro reshen daga bututun inji, kar ka taɓa bututun zuƙo, kana yi masa reshe ka lalata saitin da ka sha wuya a kansa. A ɗan tanki irin nawa miƙaƙƙiyar hanya ta fi, ruwan duka ya ratsa ciyawar, dama keto tana son ruwa mai motsi, in ya kwanta datti ne yake taruwa a cikinta ƙasan ya ruɓe. Ka sa raga ko haƙora a saman gilashin fita don kar zarenta ya kai ga inji.

Fitilarta LED ta shuka, a kunna da dare lokacin da fitilar sama take kashe, awa 10 zuwa 12. Dalili, da dare pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana sauka saboda komai yana fitar da iskar kabon, ciyawar in tana cikin haske tana shanye ta sai abin ya daidaita. Ka tare hasken da baƙar roba kar ya faɗa kan sikima, in ba haka ba gansakuka zata cika ta. Maganar zuba yashi mai zurfi a ɗakin kuwa, nasan akwai masu yi, ni a nan bazan yi ba. Wuta ta yi awa takwas bata nan, ruwa ya tsaya cak a kan yashi mai santimita goma, abinda zai taso daga ƙasa warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, kuma inji na tashi sama zai kai shi. Gilashi tsirara da 'yan gutsattsarin dutse ya isa, ka zuƙe datti da tiyo in ka ga dama. Ita ciyawar ma a duhu iskar shaƙa take ci kamar kowa, don haka ina da ɗan injin kumfa mai batir, dutsen fitar da kumfa ɗaya a tankin sama ɗaya a ɗakin ciyawa. In batirin inbata ya ja baya, fankar cikin tanki ita ce ta ƙarshe da nake kashewa.

Sai hunturu. Duk ruwan da iska ta shanye a ɗakin inji kawai yake nunawa, kuma ka tuna mun mai da shi ƙarami. A watan Janairu nawa yana shan lita biyar a rana, wani lokaci fiye, a ɗaki mai 20 da 40 wannan santimita 6 ne, kwana biyu inji ya fara feso kumfa. Gishiri baya tashi, ruwa ne kawai ke tafiya, don haka da ruwa mara gishiri ake cikawa, tataccen RO, wato wanda na'urar tacewa ta raba da gishiri da datti, ba na rijiya ba ba na bohal kai tsaye ba. Ma'aunin gishiri ya zauna 1.025 zuwa 1.026. Na'urar cikawa da kanta, idonta mai gane zurfin ruwa a ɗakin inji ake sawa, kuma bakin tiyonta ya kasance sama da layin ruwan jarkar da take ɗiba, in ba haka ba ita ma zuƙo zata yi ta juye maka jarka guda. Jarkar kar ta wuce abinda samp zai iya ɗauka in abin ya maƙale a kunne. Hita kuma, eh ana buƙatarta a Zariya, daren Disamba da Janairu sanyi yana sauka ƙasa da digiri 15 alhali tankin 24 zuwa 26 yake so, ka kwantar da ita a ɗakin sikima ko na ciyawa inda ruwa baya taɓa janyewa, ba ɗakin inji ba. In bazara ta shigo wajen Maris da Afrilu labari ya juye, ƙaramar fanka tana hura saman ruwan samp tana sauke digiri ɗaya biyu, sai dai jarka zata riƙa ƙarewa da wuri. Kabad ɗin ka bar masa wurin shan iska ta baya amma ka sa raga saboda ƙura. In teburin ƙarfe mai walda yayi maka a yi masa fenti hawa uku, soket ɗin wuta kuma a kafe shi can sama nesa da fantsama, kowace waya ta sauko ƙasa ta yi lanƙwasa kafin ta hau soket don ɗigo ya faɗi a gwiwar.

Kafin gishiri ko cokali ɗaya ya shiga, ka cika komai da ruwan banza ka gwada. Yadda ake gane iyakar cikawa, inji a kashe, ka cika tankin sama har ya fara malala, ka cika samp har saura santimita 5 ya kai baki, sannan ka kunna. Inda ruwan ɗakin inji ya sauka ya tsaya, manna tef a wurin, wannan layin ba'a haye shi har abada in inji yana aiki. Sai ka shimfiɗa jarida a ƙasan kabad, ɗigo baya ɓuya a kanta. Ka zare filogi ka tsaya da agogo har ruwa ya daina motsi, ka mayar ka gani ko zuƙon zai kama da kansa cikin minti biyu uku ba tare da ka taɓa bawul ba. Ka maimaita sau goma, a cikinsu har da zarewa ka mayar nan take kamar yadda wutar take yi in ta ƙifta. Ka toshe ramin iskar nan na katse zuƙo da yatsa ka sake zarewa. Daga ƙarshe inji yana gudu ka rufe bawul ɗin zuƙo ruf, ka ga ko dogon bututu zai ɗauke ruwan duka shi kaɗai. In ruwa ya ci gaba da hawa, rage gudun inji ko ka ƙara girman bututun, sannan ka sake gwajin tun daga farko.